Mai Hanci Da Marar Hanci: Jawabi A Kan Motocin Lori Na Ingila

An umurce ni in faɗi wani abu a wannan taro na tunawa da ma'aikatan En'e na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram. Waɗanda suka riga ni sun ambaci malaman haraji da na daji da na asibiti, sun kuwa ba kowa haƙƙinsa. Ni kuwa, in kun yarda, zan yi magana a kan wata ma'aikaciya wadda sunanta bai taɓa shiga takardar albashi ba, watau motar lori irin ta Ingila, musamman fasalin kanta, inda direba ke zama.

Ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshensa zuwa Nguru a 1930, amma bai taɓa biyowa ta nan ba. Tsakanin Birnin Kudu da Kano kusan mil 80 ne, Gwaram kuwa ta fi haka nisa, tana can bakin iyakar Bauci. Ga shi a zamanin En'e, kai har zuwa 1991 da aka yanke Jigawa, duk al'amuranmu Kano suka fuskanta. Kuɗin haraji can za shi, mai ɗaukaka ƙara can za shi, gyaɗa ma can za ta a yi dala da ita. Tafiyar da jaki ke yi kwana da kwanaki da mangala a bayansa, lori ta zo ta mai da ita ta yini guda, in hanya ta yi kyau. In ruwa ya sauka da yawa kuwa, sai a tsai da manyan motoci har ƙasa ta sha iska, don kada su ɓata hanyar da leburori suka sha wuyar gyarawa.

Da farko dai motocin Amurka ne suka fi yawa a ƙasashen nan, su Ford da Chevrolet da Dodge, domin ba su da nauyi, ga araha. Na Ingila na wancan zamani ƙarfafa ne ƙwarai, irin su Albion ta birnin Gilasgo mai hoton fitowar rana a goshinta, amma nauyi da tsada suka sa ba kowane ɗan kasuwa ke iya kusantarsu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuɗin Amurka ya yi wuya a ƙasashen da ke ciniki da fam, sai kasuwa ta juya wajen su Austin da Morris da Commer, da kuma uwa uba Bedford. Wani abin mamaki, ita Bedford ɗin, da aka fara ƙerawa a garin Luton a 1931, jinin Amurka gare ta: kamfanin General Motors ne ya mallaki masu yin ta, injinta mai silinda 6 kuwa ɗan gidan Chevrolet ne. Ashe tsohuwar saba ce ta dawo mana da rigar Ingila.

To, mu zo ga kai. Kan lori iri biyu ne. Akwai mai hanci, wanda inji ke gaba cikin akwatinsa, direba na zaune a bayansa. Akwai kuma marar hanci, mai shafaffiyar fuska, wanda direba ke zaune bisa ƙafafun gaba, inji na ƙarƙashinsa ko a gefensa. Mutanen Ingila sun fi karkata ga marar hanci, suna kuwa da dalili. Titunansu matsattsu ne, doka kuma ta ƙayyade tsawon mota, saboda haka duk taƙin da aka rage a hanci ya zama wurin kaya. Sun yi ta gasar dabara a kan wannan. A 1960 Austin da Morris suka fito da wani kai mai ƙofofi a karkace, can a kusurwoyin baya, don direba ya buɗe ya sauka cikin lungu ba tare da ƙofa ta tare hanya ba, da 'yan tagogi biyu ƙasa-ƙasa a gaba don ya ga bakin titi. Direbobinsu suka yi masa laƙabi da sunan taro, saboda yawan kusurwoyinsa. Dattawan da ke nan za su tuna da taronmu mai kusurwa 12 da aka buga a 1959. A shekarar 1960 ɗin dai Bedford ta kawo samfurin TK, wanda a ke duba injinsa ta wasu 'yan marufai a bayan ƙofofi. A 1964 kuma Leyland ta yi kai wanda a ke tuntsura shi gaba ɗungum, inji ya fito fili.

Duk wannan hikima ce, ba mai musu. Amma da a ce an kawo shari'ar gaban direbobinmu, mai hanci za su ba gaskiya, hujjojinsu kuwa masu ƙarfi ne. Wanda ke zaune bisa ƙafar gaba, kowace gargada a ƙugunsa ta ke ƙarewa, shi kuwa na bayan hanci yana tsakanin ƙafafu, jijjiga ba ta kai masa da zafinta. Inji a ƙarƙashin kujera abin so ne a sanyin Ingila, amma ku auna shi da ranar bazara tsakanin Wudil da nan. In mota ta lalace a dawa, makaniki ya ɗaga murfi ya hau bisa madgadi, kome na gabansa, hannunsa na kaiwa. Sa'an nan babbar hujja, wadda direba ba ya son faɗi a gaban iyalinsa: ranar da tsautsayi ya faɗa, ƙarfe ne ke fara gamuwa da abin da aka kara, kafin a zo ga ƙafafun mutum. Shi ya sa samfurin TJ mai hanci, wanda Bedford ta fitar a 1958, ya zama ɗan gida a nan. Tun wajen 1959 kamfanin Federated Motor Industries na U.A.C. ya fara harhaɗa Bedford a Ikko. A Ingila an daina sayar da TJ a 1975, amma aka ci gaba da yin ta domin ƙasashe irin namu. A Sudan, inda alhazanmu na ƙasa suka sha ratsawa, maƙera sun yi ta sāke gina ta suna kiranta Sifinja, a Fakistan kuma an yi mata ado kamar amarya.

Wani abin da na ke so ku riƙe shi ne, rabin motar nan aikin hannun mutanenmu ne. Sau da yawa ƙashinta da inji da hanci kaɗai ke zuwa daga masu ƙira. Kafinta ne ke ɗora mata bodin katako, wani lokaci har da rufin kan da ƙofofinsa, ya ƙara faɗin kujera don a sami wurin mutum biyu ko uku a gefen direba. Wannan wuri kuwa, gaban mota, kowa ya san darajarsa: kuɗinsa ya ɗara na baya, kuma na malami ne da attajiri da ma'aikacin da aka aika da takarda. Talakawa na baya bisa buhuna, karen mota na maƙale da wejinsa, yana jiran a zo hawa ya diro ya sa wa taya. Bayan kafinta sai mai fenti, ya zana zaki ko dawisu, ya rubuta “Allah ya kiyaye” a goshi. Ba a nan ƙasar za a yi mamakin haka ba, tun da mutanen dā ma sun zana shanunsu a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa.

Mu ma'aikatan kotu mun san lori ta wata fuska. Ita ce dukiyar da ba a raba ta kamar garke. In mai ita ya rasu, sai an nemo masana sun yi mata ƙima kafin a fid da rabon kowane magaji, sau da yawa kuwa kafin a gama ta yi shekara a kafe, tayoyi sun sace.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Motar da aka yi da sitiyari a dama, bisa al'adar Ingila, ta wayi gari direbanta na gefen daji, in zai wuce wata motar sai yaronsa ya leƙa masa. Fari ya biyo, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa dalar Kano, a 1976 aka rufe babin En'e da gyaran ƙananan hukumomi. Mercedes 911 ta Jamus ta karɓe hanya, ita ma dai da ɗan hancinta. Leyland ta buɗe masana'anta a Badun a 1979, amma ba ta daɗe tana tashe ba, a 1986 kuma General Motors ya daina ƙera manyan motocin Bedford.

A Ingila masu sha'awar waɗannan motoci sun kafa ƙungiya tun 1958, a 1962 suka fara jerin gwanon tsofaffin lori daga Landan zuwa Biraiton, a 1983 aka buɗe musu gidan tarihi a garin Leyland. Mutum ya kan ɓata shekaru yana neman marfin ƙofa ɗaya na asali. Mu kuwa da muka ci moriyarsu fiye da kowa, namu na hannun 'yan gwangwan, ana yanka su ana aunawa a sikeli.

Don haka ina roƙon iyayenmu hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram, a sa cigiya a tashoshi da garejoji, a nemo mai hanci guda wadda bodinta na katako bai ruɓe ba, a saya, a yi mata rumfa. A kuma aiki malami da littafi wurin tsofaffin direbobi da kafintoci da suka rage, ya rubuta sunayen da su ke kiran kowane ƙarfe da kowane katako na jikinta, da kuɗin mota daga nan zuwa Kano a zamaninsu, na gaba da na baya.