JAWABIN KWAMITI A KAN TAIMAKON MUTANEN COCI

(An karanta shi a taron ƙungiya na bayan kaka a Dakoro, an kuma buga shi domin ƴan uwa da ke cin rani.)

Mai gari, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Dattawanmu, iyayenmu mata, da ku ƴan uwa da ke Maraɗi, da Kano, da Agadas, da Ikko, har da Libiya, waɗanda wannan takarda za ta iske, muna gaishe ku da gajiya.

Maganar da ta tara mu yau ba ɓoyayya ba ce. A bazarar da ta wuce, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, mutanen wata coci ta nan Dakoro sun je ƙauyenmu da amalanke, suka kai hatsi gidajen matan da mazansu suka rasu, da na tsofaffin da ba su da mai yi musu noma. Wasu sun karɓa da rana, wasu sai da dare ya yi don kunya, wasu kuwa sun mayar. Yanzu sun aiko cewa suna so su komo bana da awaki. Tun daga nan bakin gari ya rabu biyu, har ƴan cin rani suna ta bugo waya suna tambaya. Wasu na cewa mai jin yunwa ba ya tambayar wanda ya dama fura. Wasu na cewa a yi hattara, ruwa ba ya tsami banza. Mu ƴan kwamiti mun saurari kowa, to ga abin da muka gani.

Da fari, taimakon mutanen mishan ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram tun 1924, daga baya ta zauna Tsibiri da Maraɗi. Ita ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar kutare na Danja a 1956, inda a 2012 aka ƙara sashen mata masu yoyon fitsari. A cikinmu nan, wane ne bai taɓa raka majinyaci Galmi ba? Mun je da carbinmu, mun komo da carbinmu. Katolika su ma suna da tasu ƙungiyar agaji, watau CADEV, kuma Maraɗi ta sami nata bishop a 2001.

Dattawa sun ga yunwar 1973 da 1974, wadda zancen rabon abincinta yana cikin abin da ya kawo Seyni Kountché mulki a watan Afrilu na 1974. Sun ga ta 1984, wadda muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya. Mu kuma mun ga ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa, lokacin da likitocin MSF suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a nan Dakoro, mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don a sami abin sa wa ciki. A duk waɗannan shekaru buhuna sun zo daga hannuwa iri iri, na gwamnati, na Musulmi, na Kirista. An ci, an gode, sun ƙare. Tambayarmu ita ce, mene ne ya saura?

Ga misali guda. Wani ma'aikacin SIM mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a 1981 yana dashen itatuwa, suna ta mutuwa. A 1983 ya lura cewa kututturan da muke sarewa kowace shekara wajen sassabe suna da saiwa mai rai a ƙasa, in aka bar reshe ɗaya ko biyu aka kula da su, sai su zama itace. Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta raba hatsi a ƙauyuka kusan 100 na jihar Maraɗi, da sharaɗin manomi ya bar itatuwa a gonarsa. Da rabo ya ƙare, mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun sami makamashi, da abincin dabbobi, gonarsu kuma ta daina tafiya da iska, sai maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya ɗaya ba. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan. Masu bincike sun ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Watau hatsin ya ƙare cikin wata kaɗan, gawo da kalgo da sabara kuwa suna nan tsaye.

Saboda haka zancen awakin nan ya fi na buhu nauyi a wurinmu. Dabarar ma ba daga Turai ta zo ba, habbanaye ce ta maƙwabtanmu Fulani na wajen Bermo: a ba mutum aron uwa, ta haifa masa, ya riƙe ƴaƴan, ya mayar da uwar. Matar da ke da akuya biyu ba ta jinginar da gonar marayu don kuɗin magani. Mun kuwa san gonaki nawa suka fita hannun masu su ta wannan hanya, ba su komo ba.

Masu tsoro kuma ba mu raina maganarsu ba. Uba yana da hakkin ya tambayi abin da za a faɗa wa ɗansa. Mutanen coci ba su ɓoye cewa addininsu ne ya sa su wannan aiki ba, mu ma ba za mu ɓoye namu ba. Amma mun ga inda zargi da jita jita suke kai gari. A watan Janairu na 2015 an ƙona coci coci a Damagaram da Yamai, an yi asarar rayuka, a kan zanen da aka yi a Faransa, wanda ba ruwan maƙwabtanmu da shi. Waɗannan Kiristoci na Dakoro kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, harshenmu ɗaya. Maganin zargi shi ne a yi komai a fili, gaban mai gari da liman.

Sauran magana guda, ita ce mai ɗaci. Ta yaya baƙo ya san gidan da ba a hura wuta ba kwana biyu, mu da muke katanga ɗaya ba mu sani ba? Ko mun sani muka kau da kai? Addininmu ya ɗora mana zakkar hatsi, ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar. Iyayenmu suna da gayya, suna da rumbun tsimi. Yau saurayi yana aiko kuɗin babur daga Libiya, gwaggonsa tana barema a gonar wani. Wanda ya ce a mayar da buhun coci, sai ya zo da nasa buhun a ka, in ba haka ba ya hana ne kawai, bai ba da komai ba.

Don haka kwamiti yana kawo wa taro shawara huɗu.

1. A karɓi taimakon, a kuma aika dattawa biyu su yi godiya.

2. Mai gari, da liman, da mata biyu da matan gari suka zaɓa, su ne za su nuna gidajen da suka fi bukata. A yi rabo da rana, kuma kada a ɗora wa kowa sharaɗin addini, babba ko yaro. Za mu faɗa wa fasto wannan baki da baki, cikin mutunci.

3. Ƙungiya ta gina nata rumbun tsimi kafin sanyi ya fita. Kowane magidanci ya kawo dami ɗaya, kowane ɗan cin rani ya aiko jika biyar a hannun ma'aji. Ba za a buɗe shi ba sai an yi shuka, lokacin da hatsi ya fi tsada.

4. Samari su yi gayya a gonakin tsofaffi da na marayu, noman fari da maimai. In wata rana bukata ta sami gidan Kirista, rumbun nan nasa ne shi ma.

Ku da ke nesa, kada ku karanta ku ninke takarda ku ajiye. Ku tara ƴan garinmu da ke kusa da ku, ku karanta wa wanda bai iya boko ba, ku aiko mana amsa kafin taro mai zuwa. Za mu buga sunan kowane zango da abin da ya aiko a fitowa ta gaba.

In mun yi kuskure a magana, dattawa su gyara mana. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mu da yunwa da fitina, ya maido matafiya gida lafiya.



Kwamitin Ƙungiya