Manhajar Lafiya da Matar da Wayarta ke Hannun Miji

Lokaci ƙanƙane ne, kuma kowa a zauren nan ya san yadda wayar hannu ta game ƙasa, don haka ba sai an maimaita ba.

A shekarar 2012 ma'aikatar lafiya ta Yuganda ta dakatar da sababbin ayyukan gwaji na lafiya ta waya. Ƙungiyoyi sun cika ƙasar da manhajoji, kowace da nata tsarin, ba mai magana da 'yar'uwarta, kuma da kuɗin tallafi ya ƙare sai aikin ya mutu. Har yau masu tsara manhaja da jami'an da ke sa hannu kan kwangila suna fara aiki daga tambayar me kwamfuta za ta iya, kafin su taka ƙafa zuwa asibitin sha-ka-tafi su ga wanda zai riƙe wayar.

A duba abin da ya faru a arewacin Gana. A 2010 aka fara shirin MOTECH a yankin Kassena-Nankana, da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Gana da Gidauniyar Grameen da Jami'ar Kolombiya. An ba masu juna biyu zaɓi tsakanin rubutaccen saƙo da saƙon murya cikin harshensu, kusan dukkansu suka zaɓi murya. An kuma so ma'aikatan jinya su riƙa tura bayanai da wayoyinsu na kansu, abin ya faskara, dole aka raba musu wayoyi.

Indiya ta fi kowa nisa a wannan hanya, kuma nan ne ya kamata ɗalibai su zauna su yi karatu. Shirin Kilkari, wanda BBC Media Action ta tsara, ya fara a jihar Bihar a 2013, gwamnatin tarayya ta ɗauke shi a 2016. Babu abin saukewa, babu sayen data, babu karatu. Waya ce kawai ke ƙara sau ɗaya a mako, tun cikin yana wata huɗu har yaro ya cika shekara, saƙo 72 ke nan. Muryar wata likita da aka ƙirƙira, Dakta Anita, ita ke magana kan awon ciki, shayarwa, rigakafi da tazarar haihuwa, kowane saƙo daidai da makon da matar take ciki. Idan ba a ɗauka ba, a sake kira. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne masu tsarin sun gano cewa sau da yawa wayar tana aljihun maigida, don haka saƙon ya zama wanda shi ma zai saurara ya amfana. Wannan ganowar ba a ofis aka yi ta ba, sai da aka zauna a tsakar gida da mata da mazajensu.

Wa zai ce bai san irin wannan gida a Jigawa ko Maraɗi ba? Maigida ya fita kasuwa da wayar, uwargida tana jin Hausa ko Fulatanci, sabis sai an hau tudu.

Wasu abokan aiki za su ce babbar waya na ƙara araha, a yi tsari don gobe. Mai naƙuda a daren yau ba ta jiran gobe. Ko Afirka ta Kudu, da kason masu manyan wayoyi a cikinta ya fi na Najeriya, da ta ƙaddamar da MomConnect a 2014, da lambar dannawa da gajeren saƙo ta fara, irin wanda ƙaramar waya mai tocila ke karɓa.

Sai kuma ma'aikaciyar lafiya, wadda aka fi zalunta. Tana cika rajistar awo, ta cika ta rigakafi, ƙarshen wata ta haɗa jimilla don a shigar a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2, sannan a miƙo mata sabuwar manhaja ta sake rubuta abu ɗaya. Bayanan na hawa sama, ba abin da ke dawo mata da zai gaya mata wace mata ce ta ƙetare ranar awo.

Buƙatar mai wannan lacca ga ma'aikatu ba sabuwa ba ce. Kada a saki ko kwabo sai masu tsarin sun yi makonni a asibitin karkara, sun gwada muryar a kunnen unguwarzoma da miji da uwar miji. Manhajar da ba ta magana da DHIS2 a mayar wa mai ita. Duk wadda aka karɓa kuma, a rubuta cikin kwangila wace rajistar takarda za ta ɗauke wa ma'aikaciya, da wanda zai biya kuɗin kiran bayan mai tallafi ya tafi.