Amsoshin Wasiƙunku: An Canja Giya, Mota Ta Kama Karkarwa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gyallesu, Zariya, wanda ke jigilar masara daga Giwa da rake daga Maƙarfi. Ya ce akwatin giyar tsohuwar akori-kurarsa, Peugeot 504, mai lamba huɗu ne, da ya lalace sai aka sa masa mai lamba biyar. Tun daga ranar, in ya yi lodi sai ya ji ƙwanƙwasa a ƙarƙashin mota, in ya ba ta wuta ta kama karkarwa, ga kuma mai yana ɗiga daga bayan giya. Shi ne yake tambaya, ko cutarsa aka yi aka sayar masa da matacciyar giya?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Kada ka yi saurin zargin wanda ya sayar maka. Alamun da ka lissafa sun fi nuni ga farfela, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗaukar juyi daga giya ta kai wa ƙafafun baya.

Ita wannan mota, wadda aka fara fitarwa a Faransa a 1968, ta zama 'yar gida bayan da kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975. Kowace an yanka mata farfela daidai da giyar da ta zo da ita. Akwatin giya mai lamba biyar kuwa sau da yawa tsawonsa ba ɗaya ba ne da mai huɗu, don ƙarin lambar na buƙatar wurin zama. Ka ga ke nan an canja ɗaki, an bar tsohuwar tabarma.

Abin lura shi ne, tazarar da ke tsakanin giya da ƙafafun baya ba a tsaye take ba. In ka ɗora buhuna, ko ka faɗa rami, sifirin na lotsawa, tazarar ta canja. Shi ya sa aka yi wa farfela baki mai haƙora, mai zamewa ciki da waje. Idan ta yi tsawo, ba ta da wurin zamewa, sai ta riƙa dukan giya har ta cinye boris, ta yaga robar da ke tare mai, wani lokaci ta fasa bayan akwatin. Idan kuma ta gajarta, haƙoran kaɗan ne ke riƙe da ita. Ranar da ta zare ana cikin gudu, kanta na iya cakar ƙasa ta kifar da mota, ga mutane a saman kaya. Allah ya kiyaye.

Saboda haka ka dakatar da lodi tukuna. Ka kai ta wurin makaniki a auna da tef, tana tsaye a kan tayoyinta a wuri mai baje, ba a kan jak ba. A tura bakin farfela ciki har ya ƙure, sannan a jawo shi baya kamar inci ɗaya, wato kusan santimita 2 da rabi. Wannan shi ne mazauninsa. A duba kuma ko haƙoran bakin sun dace da na sabuwar giyar.

In ka sami farfelar da ta zo da irin wannan giya, ita ta fi. In kuwa sai an yanke, kada ka ba mai waldar ƙofa da taga. Ka nemi masu injin gyaran ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna, su yanke ta daidai, kunnuwan kuros na gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, a kuma daidaita nauyinta. Karkatacciyar walda ita ma karkarwa take kawowa. Kada ka manta da giris a kuros.

Kuɗin wannan aiki bai kai na wata sabuwar giyar ba, balle ran ɗan Adam. Ku ma sauran masu akori-kura, kafin ku biya kuɗin giya, ku jera ta da tsohuwar a ƙasa ku gwada tsawonsu.

Malam, ka rubuto mana yadda aka ƙare. Allah ya ba da sa'a, ya kai mu kaka lafiya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.