Ɗigon Mai a Jirgi Mai Saukar Ungulu

Idan mai ya jiƙa tsakanin injin jirgi mai saukar ungulu da giyabos, inda ya taru ba lallai nan ya fito ba, don iskar farfela kan watsa shi ko'ina. Ƙwararren makanike sai ya wanke wurin tas, ya tada inji, ya haska tocila yana bin sawun ɗigon har bakin oyil sil ko mahaɗar tiyo. Sannan ya duba ma'auni: man inji ne ya ragu, ko na giyabos?

Wallahi wannan ba aikin wasa ba ne, don tsiyayar mai kan jawo haɗari. Ranar 12 ga Maris 2009, ƙusoshin murfin matatar mai suka karye a wani Sikorsky S-92, man giyabos ya tsiyaye, jirgin ya faɗa teku a gabashin Kanada. Cikin mutum 18, ɗaya ne ya tsira.