Rabin awa kafin a tafi fada

Jawabin da aka gabatar a taron tunawa da kafuwar ƙungiya, kan renon ƙananan yara a gida

 



An ce in yi magana kan renon yara ƙanana. Na san wani zai ce a ransa, mu da ko aure ba mu yi ba, ina ruwanmu da wannan? To, ruwanmu ne. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Da wuya ka shiga gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai ba ka iske yaron da bai isa shiga lakwal ba. In kai ba uba ba ne, ai wa ne kai, ko kawu, ko baffa. In ke ba uwa ba ce, ai yaya ce ke, ko inna, ko gwaggo. Kowa a nan akwai yaron da yake kallonsa.

Mu dubi yinin gida kamar yadda muka san shi. Maigida ya fita tun sassafe, wani kasuwa, wani gareji, wani biro, wani kan kabu-kabu har rana ta faɗi. Ya dawo da magariba a gajiye, ya ci tuwo, ya yi lisha, ya nufi fada. A sha shayi na farko, na biyu, na uku, a yi gardamar ƙwallo, a taɓa siyasa. Kafin ya komo gida sha biyu ta buga, yara sun daɗe da barci. Ita kuma uwa tun asuba take tsaye: ɗiban ruwa, girki, wanki, ga ƴar sana'arta. Yaro ya dame ta da kuka, sai ta miƙa masa salula don ta samu ta ƙarasa aiki. Haka yau, haka gobe. Sai a wayi gari yaro ya shekara biyar, an ciyar da shi, an tufatar da shi, amma babu wanda ya taɓa zama ya ji abin da ke ransa.

Ba na zagin fada. Fada ta yi wa unguwanninmu rana: ita ke gayyar share magudanar ruwa, ita ke haɗa gudummawa in ɗan uwa ya kwanta asibiti, ita ke tsayuwa a biki da rasuwa. Roƙona ƙarami ne. Tsakanin sallar lisha da tafiya fada, a cire rabin awa a ba yaro. Rabin awa kawai, amma kullum. Shayi ba zai ƙare ba, ai na farkon ma ɗaci gare shi.

Wani yana ganin zama da yaro aikin mata ne, ko kuma zubar da girma. Mu koma ga wanda ya fi mu girma duka. Ya tabbata Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ɗiyar Zainab. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya taɓa daɗewa a sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi ƴaƴansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi bai yaba masa ba, sai ya nuna masa wanda ba ya jin ƙai shi ma ba a jin ƙansa. Har ƙanen Anas, ƙaramin yaro Abu Umairi, yakan tsaya ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Mutumin da al'umma gaba ɗaya ke wuyansa ya samu lokacin tambayar yaro labarin tsuntsu. Mu mene ne uzurinmu?

To, a rabin awar nan me za a yi? Da farko a ajiye salula, a kashe tele. Ka zaunar da shi kusa da kai, ka tambaye shi: yau me ka gani? Da wa ka yi wasa? Me malam ya biya maka a makarantar allo? Ka bari ya ƙare maganarsa ko da ta yi tsawo, ko da ba ta da kai. Yaron da ya saba gaya maka akuyar maƙwabta ta haihu, shi ne zai gaya maka ranar da wani babba ya kira shi lungu, ko ranar da aka miƙa masa ƙwaya a bakin lakwal. In ba a buɗe ƙofar nan yana ɗan shekara huɗu ba, da wuya ta buɗu yana ɗan sha huɗu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bayan haka sai labari. Kakanninmu ba su da kuran, ba su da littafin yara, amma suna da gatana. Gizo da Ƙoƙi, kura da wautarta, dila malamin daji, ga kacici-kacici. A cikinsu yaro ke koyon kalmomi, da bin magana daga farko har ƙarshe, da sanin ƙarshen mai haɗama. In ka manta su, tsohuwar gidanku ba ta manta ba. Je ka durƙusa ka tambaye ta, za ta ji daɗi. Ga kuma ƙissoshin annabawa: jirgin Annabi Nuhu da dabbobi biyu-biyu, Annabi Yunusa a cikin kifi, Annabi Sulaimanu da tururuwa, Annabi Yusufu da ƴan uwansa. A faɗe su da sassauƙar Hausa, kar a mai da su wa'azi, kar a cika su da tsoratarwa ana gab da barci.

Wanda ya iya karatu kuma, ya karanta. Littafin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930, har yau ana samunsa a wajen masu saida littattafai. Ku tuna yadda aka gina kashinsa na farko: aku ne ke ba ɗan sarki labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarkon maƙiya. Da labari aka tsare yaro a gida, ba da bulala ba. Littafin ya fi ƙarfin ɗan shekara uku, amma kana iya zaɓar gajeren labari ka sassauta masa. In littafi mai hotuna ne, ko da Faransanci aka rubuta shi, ka nuna hoton ka ba da labarin da Hausa. Ka bar shi ya riƙe littafin, ya juya shafi da kansa, ya ce a sake. Zai ce a sake har sau goma. Kar ka gaji, ta haka yake riƙewa. Kuma kar wani ya ce maka karatu da Hausa ɓata lokaci ne. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a lakwal a Damagaram, a 2025 kuma an ayyana Hausa harshen ƙasa. Yaron da ya shiga ajin farko ya riga ya san cewa baƙaƙen da ke kan takarda magana ce, ya fi wanda ranar ce ya fara taɓa littafi.

Game da salula, ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawara a 2019: yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban allon salula ko tele; daga shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa ɗaya a yini. Ta ce kuma ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana. Yaron da ke kallon bidiyo har sha ɗaya na dare, gobe mushe zai ce ba ya ganewa, alhali barci ne bai ishe shi ba.

A rufe da addu'a. Nana A'isha ta ruwaito cewa in Annabi zai kwanta yakan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafukansa ya shafe jikinsa. Ka yi tare da yaro a bayyane, da sannu zai haddace ba tare da an ce ya haddace ba. Sannan ka sauke gidan sauro ka soke gefensa da kyau, musamman da damina. Addu'a da gidan sauro tare suke tafiya.

Sai fita. Ko sau ɗaya a mako a ɗauki yaro a fita da shi, kuma ba sai da jika biyar a aljihu ba. Ku tafi kasuwa, ka nuna masa maƙeri da dukawa da mahauta, ya ƙirga albasa, ya miƙa dala ashirin da hannunsa ya karɓi ƙuli-ƙuli. Mutanen Yamai, ga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da zakuna da dorina da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da da aka tono a yankin Agadas. Mutanen Damagaram, ku zaga da shi unguwar Birni ya ga zanen bangaye da fadar Sultan, ku gaya masa nan ne babban birnin ƙasa har 1926. Mutanen Maraɗi, ga tafkin Madarumfa ya ga masunta da jiragensu. Mutanen Tawa, ku kai shi filin kokowa, ku gaya masa a garinsu aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975. A fita da safe ko bayan la'asar, a riƙe ruwan sha, a riƙe hannunsa a bakin titi, kar a jera yara uku a kan babur babu mai riƙonsu. Kuma ƴan uwa, kar fitar ta zama ta ƴaƴa maza kaɗai. Umama da Annabi ya ɗauka a salla ai mace ce.

Na san cikinmu akwai waɗanda bida ke raba su da gida wata da watanni, wani Najeriya, wani Libiya, wani wajen haƙar zinariya. Kuna aiko da kuɗi, Allah ya saka. Ku haɗa da murya. Saƙon murya na minti uku a WhatsApp, gajeren labari da kiran sunansa da sa albarka, uwarsa ta kunna masa lokacin kwanciya. Ranar da ka dawo ba zai ɓuya bayan zanen uwarsa yana kallonka kamar baƙo ba.

Ga ƙungiya kuma ina da roƙo ɗaya. Mu tanadi akwati a ofishinmu, kowane memba ya kawo littafin yara guda, a riƙa ara mako-mako ana rubuta suna a kaye. In mun haɗu a fada kuma, kafin a zuba na farko, a tambayi mai iyali: ka ba su labari kafin ka fito? In bai yi ba, a ce ya koma, za a ajiye masa kofinsa.

Allah ya raya mana zuri'a bisa imani da lafiya, ya sa su zama sanyin idanunmu, ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana.