ZANEN BARKWANCI: ZAMBON 'YAN TAKARA



An umurce ni da in yi ɗan tsokaci a kan zanen barkwanci na jaridu, watau katun, da irin rawar da yake takawa a lokacin zaɓen shugaban ƙasa. A ganina mai wannan zane maroƙi ne, sai dai shi alƙalami ne kalangunsa. Kuma kowa ya sani, maroƙi ba ya zambo a banza. Yana da ubangidan da yake yi wa, yana da abokin gabar ubangidan da yake sara.

Bari in kawo misali daga Amurka. A zaɓen 1872, Shugaba Ulysses Grant ya nemi zarcewa, sai Horace Greeley, mai jaridar New York Tribune, ya fito ya ƙalubalance shi. A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasarsu ba, Greeley kuwa kira yake a sasanta da mutanen Kudu. Wani gwanin zane mai suna Thomas Nast, na mujallar Harper's Weekly, wanda yake ɗan ga-ni-kashe-nin Grant ne, ya sa Greeley a gaba mako-mako. Har ta kai ya zana shi yana miƙa hannu ga Booth, mutumin da ya harbe Shugaba Lincoln, a kan kabarin Lincoln ɗin. Jama'a, ku duba wannan ƙazafi! Mutum ya nemi sulhu, an mai da shi abokin mai kisan kai.

Ɗaya ɓangaren ma bai kwanta ba. Matt Morgan, mai yi wa jaridar Frank Leslie zane, ya riƙa fito da Grant a siffar mashayi, yana tangaɗi. Ƙarshenta Grant ya yi nasara. Greeley kuwa matarsa ta rasu ana saura 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a, shi ma ya bi ta ran 29 ga Nuwamba, zaɓe bai cika wata guda ba.

A nan gida ma haka abin ya faro. Akinola Lasekan, wanda ya yi fice a wannan sana'a tun kafin samun mulkin kai, a jaridar Azikiwe ta West African Pilot yake zane. Ya caccaki Turawan mulkin mallaka, haka kuma bai raga wa abokan hamayyar jam'iyyar NCNC ba.

Ba cewa nake a hana zane ba. Mu da muka tashi muna kallon wasannin Tashe mun san amfanin a faɗa wa babba gaskiya cikin raha. Wanda bai iya karatu ba ma yana karanta hoto, shi ya sa yake shiga inda dogon sharhi ba ya kaiwa. To, nan ne kuma hatsarinsa yake, domin dariya ba ta jiran hujja.

Saboda haka, yanzu da zanen ya bar takarda ya koma wayoyin 'ya'yanmu, mu koya musu tambayoyi biyu kafin su tura wa wani. Na farko, wane ne ubangidan mai zanen? Na biyu, aikin ɗan takara aka soka, ko kuwa ƙabilarsa, addininsa da halittarsa? In aikinsa ne, a yi dariya, a kuma bincika. In ɗayan ne, to wuta ce, kada a ƙara mata kara.

Allah Ya ba mu shugabanni nagari, Ya saka wa malamanmu da alheri.