JAWABI GA SAMARIN DA ZA SU BIDA KARON FARKO

Jawabin kwamitin ƙungiya a taron bayan kaka. An buga shi domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Mai Gari, Liman, iyayenmu maza da mata, ƴan'uwa da kunka zo daga Maraɗi da Yamai da Kano, da ku samari da ke zaune can baya, muna gaishe ku baki ɗaya, muna yi muku barka da kaka. Allah shi sa albarka cikin abin da anka kai rumbu.

Kowace shekara in an gama ɗaurin dami, gari shi kan fara raguwa. Yau mutum biyu sun hau mota, gobe biyar, har a wayi gari babu kowa a fada sai tsohi da yara. Bana akwai ɗiyanmu da za su hita karo na farko, waɗansunsu ba su taɓa kwana a wani gari ba. Maganarmu ta yau tasu ce, amma iyaye ku saurara, don rabin aikin naku ne.

Ba mu zo hana kowa tahiya ba. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ciki kuwa wata goma sha biyu yake ci. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja da jakkai, suna kai kanwa suna ɗauko goro daga Salaga. Zangon Kumasi da Sabo na Ibadan duk irin waɗanga matahiya sunka kafa su. A Abijan akwai abincin garin rogo da soyayyen kihi da kowa ke kira garba, domin mutanenmu na Nijar sunka shahara da saida shi. Bida gado ce. Abin da muke so kawai, a tahi da lissahi, a komo kan lokaci.

NA FARKO, LISSAHI

Kahin yaro shi aza ƙafa cikin mota, shi zamna da mahaihinsa gaban rumbu su ƙidaya dami. Ga misali. Gida mai baki goma shina cin tiya 2 ta hatsi a yini, watau tiya 60 a wata. Buhu guda tiya 40 ne. In abin da anka noma zai kai wata 7, saura wata 5 babu. Wata 5 tiya 300 ke nan, buhu 7 da rabi. A aza haraji, da magani, da kuɗɗin mota na zuwa da na komowa. Wanga shi ne abin da ka tahi nema. Wanda ya hita bai san adadin ba, duk abin da ya samu zai ga kamar riba ce, sai shi saye salula babba da takalmi.

Ku lura kuma da lokacin da rumbu ke ƙarewa. Shina ƙarewa daidai faɗuwar ruwa, lokacin da mai noma ke bukatar ƙarhi, lokacin kuma da hatsi ya hi tsada a kasuwa. Don haka jikka guda da ka aiko cikin sanyi ta hi wadda ka aiko cikin damina sayen hatsi. Kuɗɗin farko da ka samu, aiko shi, a saye a aje tun da arha.

NA BIYU, TAKARDU

Kada wanda ya ƙetare iyaka babu katin ɗan ƙasa. Ana yin shi da takardar haihuwa, wanda kuma ba shi da ita shi je wurin magajin gari tun yanzu a nuna mishi hanyar samun wadda ke maye ta. Sannan katin rigakafi na ciwon shawara, wanda ake tambaya a iyakokin ƙasashen kurmi. Allura guda ce, kuma tun 2016 hukumar lahiya ta duniya ta ce ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Kada a saye katin a tasha babu allura. Takarda tana wuce da kai shinge, amma ba ta hana sauro cizo.

A 1979 ƙasashen CEDEAO sun yarda ɗan ɗayansu shi shiga ɗaya shi yi kwana 90 babu biza. Nijar ta hita daga wagga ƙungiya ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardunmu har sai an sake shawara. Abin da anka bari a haka shina iya sakewa, saboda haka a tambayi waɗanda sunka komo kwanan nan, kada a dogara ga labarin shekaru uku baya. In ka sauka babban birni, ka je gidan jakadan Nijar a rubuta sunanka. A ɗauki hoton kowace takarda a bar kwahi a gida.

NA UKU, HANYA DA MASAUKI

Sabon shiga ba shi tahiya shi kaɗai. Shi bi babba wanda ya san hanya, ya san inda ake sauka, ya san abin da ake biya a shinge da abin da ba a biya. Na gaba idon na baya ne. Hanyoyin da munka saba bi da dare muna barci cikin mota, yau ba haka suke ba. Ƴan bindiga sun dami yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato, hanyar Burkina ma ta yi muni. Gadar Gaya da Malanbil an ruhe ta a 2023, har mutane sunka koma ƙetarar kogi da jirgin ruwa. A yi tahiya da rana, a shiga mota cikin tasha, kada a tare ta bakin hanya don ragin dala ashirin. Kuɗɗin guzuri a raba shi wuri biyu.

Kada a ce za ni Ikko ko za ni Abijan kawai. Ikko ba gari ba ce, duniya ce. A ce za ni Agege wurin wane, ko Ajame wurin wane, ga lambar wayarsa, kuma ya san ina zuwa. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Mai masauki shi ka nuna maka inda ake kwana, da wanda ake ba ajiya, da unguwar da ba a shiga. In ya tsawata maka, ubanka ne ya tsawata. In gari na da sarkin zango, a kai ka ka gaishe shi, don ranar da magana ta taso shi za a nema.

NA HUƊU, AIKI DA KUƊƊI

Ba a raina sana'a. Ga-ruwa, dako, gadi, shayi, tsire, wankin takalmi, yankan akaihu, da su anka gina gidajen kwano da kuke gani cikin garin nan. Amma kahin ka fara ma wani aiki, a yanke lada gaban shaidu, a faɗi ranar biya. Wanda ya ce bari in tara maka sai za ka gida, ka ce a'a da ladabi. Mai son tuƙa babur shi sani Kano ta hana acaɓa a 2013, Ikko ma ta hana a unguwanni da dama a 2022. Kada ka ci bashi ka saye babur a kame shi cikin sati.

A san kuɗɗin da ake riƙewa. Sefa ta Kwaddibuwa da Benin da Togo da Burkina ita ce tamu. Ta Kamaru da Cadi da Gabon sunanta sefa amma daban take, sai an canza. Naira kuwa ba a aje ta cikin matashin kai. A 1984 an sake takardun naira cikin ƴan kwanaki, iyaka na ruhe, mutanenmu da yawa sunka tashi da takardun banza. A ƙarshen 2022 an sake yin wani canjin. Abin da ka tara, maida shi hatsi ko tunkiya a gida. Yanzu akwai gidajen aika kuɗɗi irin su Nita da Al Izza, ba sai an jira mai zuwa gida ba. A riƙe rasit, a buga waya a faɗi adadin.

Abu uku ke cinye bidar yaro: caca, da mata, da ƙwaya. Za ka iske masu cewa sha tramol ka yi aikin mutum biyu ba ka gaji ba. Ƙwayar tana kama mutum, tana kawo farfaɗiya, ƙarshenta abin da ka samu da rana ita za ka saye da shi da dare. Ciwon sida kuwa ba a ganin shi ga huska, kuma wanda ya ɗauko shi matarsa yake kawo ma.

NA BIYAR, ƘASAR MUTANE

Baƙo raɓa ne. Dattawan da ke zaune nan shaidu ne. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama sati biyu su hita. Mutanen da sunka shekara ashirin a Kumasi sun bar rumhuna da gidaje. A Janairu 1983, zamanin Shagari, Najeriya ta kori baƙi marasa takarda, ana ƙiyasta wajen miliyan 2. A 1984 an ruhe iyaka har 1986, ga fari, shi ya sa ake kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. A 2002 yaƙi ya tashi a Kwaddibuwa. A 2011 mulkin Gaddafi ya faɗi, ɗiyanmu sunka komo ta Dirku da Agadas bisa manyan motoci, da yawa daga su sai rigar wuyansu. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta sake ruhe iyaka.

Cikin waɗanga duka, wanda ya sha da sauƙi shi ne wanda ke aikowa gida a kai a kai, wanda gonarsa ba ta mutu ba. Wanda ya tara komai can, can ya bar shi. Don haka kada ka sa baki cikin siyasar ƙasar da ka sauka, kada ka shiga faɗan da ba naka ba, kada ka karɓi ajiyar ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba. Laihin mutum guda, duk ƴan garinsu ake kora da shi.

NA SHIDA, HANYAR AREWA

Mun san waɗansu idonsu na Libiya da Aljeriya da wuraren zinariya. Tun da anka samu zinariya a Jado a 2014 labarin ya cika gari. Kuna jin labarin wanda ya samu, wanda rami ya ruhe ba shi komowa shi ba da nashi. Ba sai an je nesa ba: a Nuwamba 2021 ramu sun rufta a Garin Liman, cikin ƙasar Ɗan Isa, mutum 18 aƙalla sunka rasu. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mahi yawansu mata da yara, da dama daga ƙasar Kance. Mota ta lalace, ƙishirwa ta kashe su. Aljeriya kuwa ta sha kwaso baƙi ta zube su cikin rairayi, su taka wajen kilomita 15 kahin su kai Asamaka. Shawarar kwamiti ita ce, yaron da bai taɓa hita ba kada shi fara da hamada.

GA IYAYE

Kada ku kori yaro da gori, kuna cewa ɗan wane ya aiko da kaza. Gori shi ka tura yaro cikin rami da sata. Kada a saida gona ko a jinginar da ita don kuɗɗin mota. In ya tahi bai samu ba, ina zai komo? Yaron da ke lakkol a bar shi shi gama, wanda bai kai ƙarhi ba a bar shi shi ƙara shekara. Mai mata shi bar mata hatsinta a auna, a gaban shaidu. Abin da yaro ya aiko don hatsi a saye hatsi da shi, kada a yi biki. In kuma ya komo hannu wohi, a tarbe shi da fara'a. Da yawan waɗanda sunka ɓace a bariki kunya ta hana su komowa, ba daɗi ba.

KOMOWA

Ku samari, ku sa ranar komowa tun ba ku tashi ba. Sharar gona ba ta jiran kowa, ruwan shuka kuma in ya sauka kwana biyu ne ko uku ƙasa ta bushe. Wanda ya ce bari in ƙara wata guda, tsohonsa ne zai yi shuka shi kaɗai, gona ta ragu, rumbun baɗi shi kasa na bana, tilas kuma shi daɗe ga bida ta gaba. Haka ake zama ɗan bariki ba a shirya ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga abin da ƙungiya ta tsaida. Magatakarda ya buɗe littahi. Duk mai tahiya shi zo a rubuta sunansa, da garin da za shi, da sunan mai masaukinsa, da wanda zai bi. Wakilanmu na kowane gari za su tarbi sabbin zuwa. Asusun taimako na nan don rashin lahiya da kamu da kai gawa, kowa shi biya nashi kahin shi tashi. Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta ma wanda bai iya ba.

Allah shi kai ku lahiya, shi ba ku halal, shi maido ku kahin ruwa.